Yadda Ake Tantance Sabon Nau'in Gizo-gizo Mai Tsalle da Raɗa Masa Suna

Dangin gizo-gizo mai tsalle, wanda John Blackwall ya sa wa suna Salticidae a 1841, ya fi kowane dangin gizo-gizo yawa. An riga an rubuta nau'i sama da 6,000 a cikin gidaje fiye da 600, mafi yawansu a ƙasashe masu zafi, kuma duk shekara sai an ƙara. A watan Afrilun 2022 da rajistar World Spider Catalog ta cika nau'i 50,000, wanda ya cike lambar ɗan wannan dangin ne, Guriurius minuano, daga kudancin Burazil da maƙwabtanta.

Wanda bai taɓa aikin ba yana ɗauka raɗa sunan ne wahala. Sunan kuwa yini guda ya ishe shi. Abin da ke cin watanni shi ne tabbatar da cewa halittar da ke cikin kwalbarka ba ta da suna tuntuni, domin a ƙarni na 19 an bayyana ɗaruruwan nau'i da layi huɗu ko biyar na Latin, babu zane. Saboda haka kusan duk matakan da ke ƙasa na neman hujja ne.

A nan za mu riƙa cewa dangi ga Salticidae gaba ɗaya, reshe ga manyan rabe-rabensa, gungu ga abin da ke ƙarƙashin reshe, sai gida, sai nau'i. Sunan kimiyya kalma biyu ne: ta farko sunan gida da babban baƙi, ta biyu sunan nau'i da ƙaramin baƙi.

Izini da kamu

Kafin ka taɓa komai, nemi takardar izini. A gandun daji na gwamnati irin su Gashaka-Gumti, hukumar kula da gandun ce ke bayarwa. Idan samfurin zai tsallake iyakar ƙasa akwai izinin fitarwa daban, ga kuma Yarjejeniyar Nagoya da ta fara aiki a Oktoban 2014 kan cin moriyar albarkatun halittu. Gidajen adana halittu da yawa ba sa karɓar samfurin da ba shi da takarda, kuma mujallu suna tambayar lambar izinin.

Waɗannan gizo-gizon da ido suke farauta, da rana. Galibinsu ba sa saƙa yanar kama abinci, sai ɗan ɗakin siliki da suke kwana a ciki. Lokacin da ya fi shi ne hantsi, bayan raɓa ta bushe. Ga ciyawa, raga mai mariƙi da ake share ciyawar da ita. Ga rassan bishiya, shimfiɗa farin ƙyalle mai kimanin mita ɗaya kowane gefe, ko ka kifa laima, ka bugi reshen da sanda sau uku ko huɗu da ƙarfi. Bugu mai laushi sai dai ya sa su ƙanƙame. Waɗanda ke zaune cikin busasshen ganye a ƙasan kurmi, irin 'yan gidan Thiratoscirtus, sai an tankaɗe ganyen da rariya mai manyan ramuka a kan ƙyalle. Na bango da kututture kuwa, ka kifa musu 'yar kwalba daga gaba, domin inda suke kallo can suke tsalle. Kowanne da kwalbarsa, in ba haka ba babban zai cinye ƙaramin kafin ka isa gida.

Tarkon rami da ake binne kofi yana kama na ƙasa sosai, amma kada a zuba masa fomalin. Yana sandarar da jiki, yana kuma lalata DNA.

Hoto tun yana da rai, sannan sifirit

Launin da ke sa mutum ya yi zaton ya samo sabon abu, gashi ne mai faɗi da ke kwance a kan fata. A cikin sifirit ja yakan koma ruwan ƙasa, kore ya koma fari-fari, sheƙi ya mutu, gashin kuma ya zube idan kwalba ta sha girgiza a mota. Don haka ka ɗauki hotonsa da ransa, daga sama, daga gefe, da kuma fuska sosai-da-sosai. Fuskar namiji tana da muhimmanci, saboda da ita yake wa mace rawa, kuma nau'i biyu da suka yi kama a komai sukan bambanta a launin gashin da ke ƙarƙashin manyan idanu.

Don nazarin siffa, a ajiye shi cikin etanol mai ƙarfin kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari. Idan na kashi 96 ne a hannunka, auna mililita 780 ka cika shi da tataccen ruwa zuwa lita ɗaya, ka sami kusan kashi 75. Wanda ya gaza 70 yana barin ciki ya ruɓe. Wanda ya wuce 90 yana sa ƙafafu su yi tauri har su kakkarye idan an zo miƙe su. Sifirit ya ninka jikin gizo-gizon aƙalla sau goma, kuma a sauya shi bayan kwana ɗaya, tunda ruwan jikin dabbar yana tsinka shi. Don gwajin DNA, cire ƙafa ɗaya ko biyu na ɓangaren dama ka sa a etanol na kashi 95 zuwa sama, cikin firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifiri. Sifirit mai launi na kemis ba ya wannan aikin, don an gauraya shi da wasu sinadarai.

Takardar bayani cikin kwalbar take shiga, ba a jikin murfi ba. A rubuta da fensir ko tawadar da sifirit ba ya narkarwa. Biro yana wankewa cikin awoyi. A kanta: ƙasa, jiha, wuri, lambobin GPS, tsayin wurin daga teku, irin mazauni, hanyar kamu, kwanan wata da watan a lambar Rum don kada a rikita 3 ga Afrilu da 4 ga Maris, da sunan wanda ya kama. Samfurin da ba shi da wannan takardar, komai kyansa, ba ya zama hujja.

Baligi ne ko yaro?

Ba a raɗa suna da yaro. Gaɓoɓin haihuwa su ne hujja, kuma ba sa cika sai bayan saɓar ƙarshe. A gefen bakin kowane gizo-gizo akwai ƙananan hannuwa biyu da ake kira palpus. Na baligin namiji yana da dunƙule a ƙarshe, mai sassa masu tauri da duhu. Namijin da saɓa ɗaya ta rage masa shi ma nasa ya kumbura, amma sumul yake, babu wani tsini, kuma nan ne sababbin hannu suke yawan ruɗuwa. Baligar mace tana da ɗan faranti mai tauri a ƙasan cikinta, gab da inda ciki ya haɗu da gaban jiki, ana kiransa epigynum. Wadda ba ta kai ba, sai dai a ga ɗan duhu a ƙarƙashin fata.

Idan yara kawai ka samu, raine su. Kwalba mai murfi da ramukan iska, ɗan jiƙaƙƙen auduga a gefe, ƙananan ƙudajen da ke taruwa kan ruɓaɓɓen ayaba sau biyu a mako. Da ya shige ɗakin silikinsa ya daina ci, ka cire duk ƙudan da ya rage, ka ƙyale shi. Bayan saɓar ƙarshe ka ba shi mako guda jikinsa ya yi ƙwari kafin a sa shi a sifirit, in ba haka ba gaɓoɓin za su fito fari-fari, masu laushi, zanensu ya yaudari mai karatu.

Daga dangi zuwa gida

Tabbatar da dangin ba wuya. Idanu takwas ne: huɗu a gaba, biyun tsakiya manya ƙwarai, sai ƙanana biyu can baya kaɗan da wani lokaci da ƙyar ake ganinsu, sai matsakaita biyu a baya. Akwai masu tsalle da ba 'yan dangin ba ne. Oxyopidae suna da dogayen ƙayoyi tsaye a ƙafa da idanu jere a da'ira mai kusurwa shida. Lycosidae kuwa manyan idanunsu a sahu na biyu suke, da ƙanana huɗu a ƙarƙashi.

Daga nan sai a juya shi rigingine a ƙarƙashin maikuroskof mai ido biyu, a ɗaga fiƙar da siririyar allura, a dubi haƙoran da ke gefen baya na muƙamuƙi. Eugène Simon, masanin Faransa, ya raba dangin kashi uku da wannan a farkon ƙarni na 20: masu haƙori ɗaya, masu haƙori ɗaya mai baki biyu, da masu haƙora da yawa. Plexippus na kashin farko ne, Hasarius na biyu, Myrmarachne da Portia na uku. An daɗe da gane cewa wannan rabon bai bi asalin zumunta ba, amma har yau shi ne abu na farko da ake dubawa, domin cikin minti ɗaya yana kawar da gidaje masu yawa daga zato.

Tsarin da ake bi yanzu shi ne wanda Wayne Maddison ya fitar a 2015 bisa DNA da siffa, mai rassa bakwai: Onomastinae, Asemoneinae, Lyssomaninae, Spartaeinae, Eupoinae, Hisponinae da Salticinae. Na ƙarshen ya ƙunshi mafi rinjayen nau'o'in, kuma cikinsa ne gungu-gungu irin Plexippini, Euophryini, Chrysillini, Aelurillini da Myrmarachnini suke. Kowanne da alamarsa a palpus. A Euophryini siririn bututun da ke kai maniyyi, wato embolus, a naɗe yake a can ƙarshen dunƙulen. A Thyene dunƙulen zagayayye ne, embolus dogo yana kewaya shi. Namijin Heliophanus yana da ƙaho a cinyar palpus. Menemerus jikinsa a baje yake, ya dace da shiga tsagar bango.

Kafin ka yi nisa, kawar da 'yan yawon duniya guda uku da ake samu a bangon gidaje a kusan duk garuruwan ƙasashe masu zafi, har da namu. Namijin Plexippus paykulli baƙi ne da farin layi a tsakiyar baya da wasu a gefe. Namijin Hasarius adansoni yana da farin gashi a palpus da farin baka a gaban ciki. Menemerus bivittatus toka-toka ne, a baje. Jiragen ruwa sun kai su ko'ina, kuma masana da dama a ƙasashe daban-daban sun sake raɗa musu suna bisa zaton sababbi ne, shi ya sa jerin matattun sunayen kowannensu yake da tsawo.

Palpus da epigynum

A al'ada palpus na hagu ake cirewa a zana. Na dama tamkar hoton madubi ne na na hagun, kuma idan aka zana shi ba a faɗa ba, wanda ya zo kwatantawa zai ga embolus ya juya ta wata fuskar, ya ɗauka wani nau'in ne. Idan dole ta sa aka yi da na dama, a juya hoton a rubuta cewa an juya.

Kama shi da siririn hantsaki a can gindi, ka tsinke shi a gaɓa. Zuba farin yashi mai laushi da aka wanke a ƙasan ɗan faranti, ka rufe da sifirit, ka dasa palpus ɗin a ciki yadda ba zai mirgina ba. Ana buƙatar fuska biyu aƙalla: ta ƙasa, da ta gefen waje inda ƙahon da ke kan tibia, gaɓar da ke gab da dunƙulen, yake, wanda ake taƙaita sunansa da RTA. Abubuwan lura su ne inda embolus ya tsiro, da ake faɗa da lissafin agogo, a ce ya tashi daga ƙarfe tara; tsawonsa da yawan naɗinsa; siffar dunƙulen da ko yana da ƙullutu a baya; da kuma RTA, ɗaya ne ko mai reshe, mai tsini ko dakusasshe. Karkacewar digiri goma a yadda aka ajiye shi tana iya mai da dogon RTA gajere a ido. In ka ga bambanci da zanen wani, fara juya naka ka gwada ko zai koma daidai da nasa. Sau da yawa yakan koma.

Na mace ya fi wuya. Da farko a ɗauki hoton epigynum yadda yake, ba a taɓa ba. Sannan a soka allura mai kaifi a kewaye shi da ƙananan huji, a bar ɗan fili, a ɗago farantin da hantsaki. Naman da ke manne a bayansa yana rufe bututun da jakunkunan ajiyar maniyyi, spermathecae, don haka sai an narkar da shi. Hanyoyi uku aka saba. Ruwan KOH, sinadari mai cinye nama, na kashi 10 cikin ɗari ba tare da zafi ba yana ɗaukar awoyi. Na kashi 5 mai zafi, mintoci kaɗan. Man kanumfari yana sa naman ya zama garai-garai cikin ɗan lokaci ba tare da cinye shi ba, kuma ana iya mayar da farantin cikin sifirit. Sinadarin pancreatin ya fi su duka sauƙi ga sassa masu laushi, sai dai yana so a bar shi ya kwana. Illar KOH ita ce idan ya wuce lokaci, bututu masu laushi sukan kumbura ko su narke, a zana abin da babu shi a jikin dabbar. A riƙa dubawa kowane minti biyu idan da zafi ake yi, da ya yi a ɗauraye da ruwa sosai.

A zana inda ƙofofin shiga suke, hanyar da bututun ya bi, girman jakunkunan idan aka gwada da tazarar da ke tsakaninsu, da ko akwai aljihu a gefen baya. Wani lokaci namiji yakan toshe ƙofofin da wani abu mai tauri bayan saduwa. A kankare shi da allura, kada a zana shi a matsayin gaɓa. Duk abin da aka yanke a sa shi a ƙaramar kwalba mai toshiyar auduga, a jefa cikin babbar kwalbar mai jikin. Palpus da ya rabu da jikinsa ya zama ciwon kai ga duk wanda zai zo bayanka.

Awo da milimita ake yi: tsawo, faɗi da tudun garkuwar gaban jiki, tsawon filin idanu da faɗinsa gaba da baya, tsawon ciki, da gaɓoɓi biyar na kowace ƙafa. A rubuta jerin ƙafafu daga mafi tsawo, ana ƙirga su 1 zuwa 4 daga gaba, misali 4312, da ƙayoyin ƙasan ƙafar farko sahu-sahu, misali 2-2-2. A auna da yawa, ba ɗaya ba. Mazan Myrmarachne, masu kwaikwayon tururuwa, tsawon muƙamuƙinsu yana bambanta ƙwarai tsakanin babba da ƙarami a nau'i guda.

Farautar tsofaffin sunaye

Buɗe World Spider Catalog, wanda gidan adana halittu na birnin Bern a Suwizalan ke riƙe da shi tun 2014, ka fitar da jerin duk nau'in da ke gidan da kake zato, na duniya baki ɗaya, ba na ƙasarka kaɗai ba. Wanda ya yi rajista yana iya sauke takardun asali. Ga Afirka ta Yamma, ba makawa sai an duba aikin Berland da Millot na 1941, da na Wanless na 1978 kan Myrmarachne, da na Wanda Wesołowska da Anthony Russell-Smith na 2011 kan kudancin Najeriya, da wanda Wesołowska ta yi da G. B. Edwards a 2012 kan yankin Kalaba. Sannan a leƙa gidajen da ke maƙwabtaka, saboda tsofaffin masana sukan jefa nau'i a gidan da ba nasa ba.

Za ka tarar da sunaye biyu ko uku da bayaninsu ya yi gajarta har ba za a iya kore su ba. Waɗannan sai an ga samfurin asalinsu, wato wanda aka raɗa sunan a kansa. Na Simon galibi suna Faris, na Peckham da matarsa suna Harvard, kuma gidan adana kayan Afirka ta Tsakiya da ke Tervuren a Beljiyam yana da tarin gizo-gizon Afirka mai yawa. A rubuta wa mai kula da tarin a nemi aro ko hoton gaɓoɓin. Tsallake wannan matakin yana sa sababbin sunaye su mutu daga baya. Dokar raɗa suna ta ba tsohon suna fifiko, komai munin bayanin da ya zo da shi.

Akwai wani tarkon. Nau'o'i da yawa na ƙasashe masu zafi namiji kawai aka sani, ko mace kawai. Macen da ke hannunka tana iya zama matar wani namijin da aka raɗa wa suna shekara ɗari da suka wuce, kuma a wannan dangin namiji da mace sukan sha bamban a launi. Kama su wuri ɗaya rana ɗaya alama ce, ba hujja ba, tunda reshe guda yana iya ɗaukar nau'i uku na gida ɗaya. Hujja mai ƙarfi ita ce samunsu suna saduwa ko cikin ɗakin siliki ɗaya, ko raino daga ƙwai guda, ko DNA. Guntun DNA da aka saba karantawa shi ne wanda ake kira COI, mai haruffa 658. Ana yawan cewa bambancin kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari yana nuna nau'i daban, amma wannan kintace ne. A gidan Habronattus na nahiyar Amurka an ga nau'o'i mabambanta suna musayar wannan guntun ta hanyar barbara, don haka gara a haɗa da wani guntun kamar 28S, a kuma bar siffa ta yi magana.

Sunan kansa

Dokar raɗa sunayen dabbobi ta duniya, ICZN, bugu na huɗu da ya fara aiki ran 1 ga Janairun 2000, ita ce alƙali. Lissafinta yana farawa daga 1758, kuma gizo-gizo ne kaɗai suka sami alfarma: an karɓi sunayen da Carl Clerck na Suwidin ya buga a 1757.

Suna yana iya fitowa daga kowane harshe, muddin da baƙaƙe 26 na Latin aka rubuta shi, ya kai baƙi biyu, kuma yana furtuwa. Ƙugiya ba ta shiga: ɓ, ɗ da ƙ za su koma b, d da k, saboda haka a duba kada kalmar Hausa ta rikiɗe zuwa wata ma'anar bayan an cire mata ƙugiya. Hanyoyin da aka saba huɗu ne. Sifa ta Latin da ke bayyana kama ko hali, irin Evarcha culicivora da Wesołowska da Jackson suka bayyana a 2003 daga gaɓar Tafkin Biktoriya, mai cin sauro, wadda ta fi son macen sauron da ta sha jini. Sunan wuri da ɗafin -ensis. Suna tsurarsa da aka jingina ba sauyi, irin Thiratoscirtus obudu da Thiratoscirtus efik na Najeriya. Sai sunan mutum, da -i ga namiji, -ae ga mace, -orum ga maza ko gauraye, -arum ga mata zalla. Doka ba ta hana mutum sa sunan kansa ba, amma abin kunya ne a wajen masana.

Sifa dole ta bi jinsin sunan gida, kuma tana sauyawa idan nau'in ya sauya gida. Clerck ya rubuta Araneus falcatus. Da aka mai da shi gidan Evarcha, wanda sunan mace ne, sai ya koma Evarcha falcata (Clerck, 1757). Bakan da ke kewaye da sunan marubucin yana nufin ba a wannan gidan ya fara sa shi ba, kamar yadda Plexippus paykulli (Audouin, 1826) ya fara a gidan Attus. A dangin da ake yawan kwashe nau'i daga gida zuwa gida, suna tsura ya fi kwanciyar hankali, don babu abin da ke taɓa shi. A tabbata kuma babu wani nau'i mai wannan sunan a gidan, ko da mataccen suna ne, kuma gara a guje wa wanda ke gidajen kusa, don kada haɗe gidaje a gaba ya sa su yi karo.

Kafa sabon gida saboda nau'i ɗaya da ya ƙi shiga ko'ina abu ne da ya kamata a yi jinkiri a kai. Dangin ya riga ya cika da gidaje masu nau'i ɗaya tak. Idan ya zama dole, sai an ayyana nau'in da gidan ya dogara a kai, kuma sunan ya kasance babu wata dabba a duniya mai shi, ko kifi ko tsutsa.

Samfurin asali da bugawa

Zaɓi samfuri ɗaya ya zama holotypus, wanda sunan zai rataya a kansa har abada. Galibi namiji ake ɗauka, cikakke, mai palpus biyu. Sauran da aka yi bayanin da su paratypus ne. Tun daga 2000, suna ba ya tsayawa sai an faɗa ƙarara cewa sabo ne, da sp. nov. ko sp. n., wato sabon nau'i a taƙaice da Latin, an ayyana samfurin asali, an kuma faɗi tarin da za a ajiye shi. Tarin ya kasance na hukuma mai ba da aro, ba kabad ɗin ofis ba. A rarraba paratypus a gidajen adana halittu biyu ko uku, zai fi kyau a ƙasashe daban. Gobarar Cibiyar Butantan a São Paulo a 2010 da ta Gidan Tarihin Ƙasa a Rio de Janeiro a Satumban 2018 sun ƙone tarin gizo-gizo har da samfuran asali. Wajen aikawa ta jirgin sama, ƙa'idar A180 ta IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, ta yarda da sifirit da bai wuce mililita 30 ba a kowace kwalba.

Rubutun yana tafiya da wannan jerin: suna, samfuran da takardunsu kalma-da-kalma, asalin sunan da jinsinsa a nahawu, rarrabewa, cikakken bayani na namiji da na mace, mazauni da yaɗuwa. Rarrabewa ce zuciyarsa. Kada a ce "an san shi da siffar palpus ɗinsa"; wannan bai gaya wa kowa komai ba. A ambaci nau'in da ya fi kama da shi, a ce embolus ɗin wannan ya tashi daga ƙarfe bakwai, na wancan daga ƙarfe tara, a nuna lambar zanen kowanne. Hoto da zane duka ake so: hoto yana nuna launi, zane yana nuna hanyar bututun da hoto ke dusashewa.

Mujallun da suka saba da irin wannan aikin sun haɗa da Zootaxa, ZooKeys, European Journal of Taxonomy da African Invertebrates. Idan mujallar a intanet kawai take fita, gyaran dokar na 2012 ya wajabta a yi wa aikin rajista a ZooBank, rajistar sunayen dabbobi ta intanet, kafin ya fito, shaidar rajistar da kwanan watan bugawa su bayyana a cikinsa. In aka manta, sunan bai tsaya ba, sai an sake bugawa. Kada kuma a saki sunan a Facebook, ko a kundin digiri, ko a GenBank, rumbun jerin DNA na intanet, kafin ranar. Sunan da ya fita ba bisa ƙa'ida ba yana yawo ne ba shi da gindi, wani kuma yana iya ɗauka ya buga shi da sunansa. Idan ka ji wani ya riga ya gane nau'in yana shirin bayyana shi, ladabin da ke rataye a dokar ya ce ka tuntuɓe shi, ka ba shi aƙalla shekara guda.

Bayan fitowa, a tura kwafin ga masu kula da World Spider Catalog, a sa jar takarda mai sabon sunan cikin kwalbar holotypus, a mayar da duk abin da aka aro, a saki jerin DNA da lambar samfurin da aka ciro shi. Kwalaben da suka rage a gida a toshe su da auduga, a kifa su cikin babban tulun gilashi mai cike da sifirit na kashi 75, a riƙa duba shi duk wata shida, domin a zafin bazara murfin roba yana barin sifirit ya tsere fiye da yadda ake zato.